Ranar da Na Sayar da Ajina

A watan Maris na 2020, da aka rufe makarantu saboda annobar korona, sai na wayi gari a gida, ba alli ba allo. Malamin da ya saba tsayuwa gaban yara sittin, in ka ce ya zauna shiru, ai ka ɗaure shi ne. Maiɗakina kuwa tana haɗa sabulun wanki da turaren wuta, cinikinta ne ma ke rufa mana asiri idan albashi ya yi jinkiri. Sai na ce mata ta riƙa haɗawa, ni ina ɗauka da waya ina bayani. Haka muka buɗe 'yar tasha a YouTube, muna koya wa mata neman na kansu daga cikin gida.

Kafin kamfanin ya fara ba mu kason kuɗin talla, sai da muka tara mabiya 1,000 da sa'o'in kallo 4,000 cikin wata goma sha biyu. Abin da ke shigowa bai taka kara ya karya ba, amma saƙonni na zuwa daga Damagaram har Kumasi. Cikinsu akwai na wata baiwar Allah da mijinta ya rasu, wadda ta ce da sabulun take biya wa marayunta kuɗin makaranta.

Da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023, kuɗin mota ya ninka, mai gidan haya na sallama, ga 'yata ta fari za ta shiga jami'a. Ana cikin haka wani saurayi ya taya tashar da kuɗin da ya kai albashina na wata takwas. Na lissafa bidiyo, na lissafa mabiya, na ga riba ce. Na sallama, na miƙa masa lambar sirri, ban ko tambaye shi abin da zai yi da ita ba.

Ba a yi wata biyu ba sai ya fara tallar zuba dubu goma ka kwashi dubu ashirin. Ni da na ga yadda MMM ta riƙe kuɗin jama'a a Disambar 2016, na san ƙarshen wannan hanya. Tsofaffin darussana kuwa suna nan a tashar, muryata na tsaya masa shaida.

Wata safiya ina shirin shiga aji, sai matar nan ta kira ni. Ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Malam, ai don kai ne na zuba jarina."

A nan na gane abin da na manta a lissafina. Aji na sayar, da ɗalibansa a ciki, ban kuwa shaida musu malami ya sauka ba. Na biya ta jarinta daga kuɗin cinikin. Sauran da ban san sunayensu ba, har yau ina roƙon Allah Ya sa su yafe mini.