Karofi: Hanyar Asibiti da Hanyar Dawowa Gida

Wanda ya tashi daga birnin Katsina ya yi kudu, ya wuce Kurfi, in ya ci kamar mil 40 sai ya iso Dutsin-Ma. Tun daga nesa duwatsu za su shaida masa ya zo. An ce garin ya sami sunansa ne daga wani maharbi mai suna Ma, wanda ya zauna a kan dutsen a zamanin da. A nan Jami'ar Tarayya take, wadda aka kafa a 2011, kudu da garin kuma akwai madatsar ruwa ta Zobe, wadda aka gama a 1983. Karofi tana cikin wannan ƙaramar hukuma. Gari ne na manoma da masu kiwo. Da kaka muka je, mun tarar an yanke gero, ana tsinkar wake, amalanken shanu kuwa sai kai da kawowa suke tsakanin gona da rumbu.

Ba kallon amfanin gona ya kai mu ba. Mun je gaida wani dattijo ne, wanda aka yi wa babban aiki a ciki shekara biyu da suka wuce, saboda ciwon daji na fankiriyas. Mutane kaɗan ne ke dawowa daga wannan tafiya, shi ya sa muka so mu ga yadda zama yake bayan dawowa.

Watakila mai karatu bai taɓa jin sunan fankiriyas ba. Wata 'yar tsoka ce mai tsawon kamar inci 6, tana kwance a gicciye bayan tumbi. Kada a ɗauka saifa ce, dabam suke. Aikinta biyu ne. Tana zuba wani ruwa cikin hanji mai narkar da abinci, musamman maiƙo. Tana kuma yin insulin, watau abin da ke daidaita sukari cikin jini. Da yake a ɓoye take can ciki, ƙari yakan girma a jikinta ba wanda ya sani. Sau da yawa alamar farko ita ce shawara, gama ƙarin yakan toshe hanyar da ruwan maɗaciya ke bi daga hanta zuwa hanji. Idanu su yi ruwan ɗorawa, fitsari ya yi duhu, bayan gida ya yi fari-fari, jiki ya dinga ƙaiƙayi, mutum yana ta ramewa.

To, a nan ne ake ɓata kwanaki. A ƙasarmu kowa ya san shawara, kowace tsohuwa kuma tana da saiwar da ake jiƙawa dominta. Gaskiya ne yawancin shawara ciwon hanta ne ke kawo ta. Amma idan mutum ya manyanta, ya wayi gari da shawara ba zazzaɓi, ga rama, ko kuwa ciwon sukari ya same shi farat ɗaya, wannan ba maganar tsimi ba ce. Dattijon nan ya ci sa'a, 'yarsa da ke aure a Katsina ta zo ganin gida, ta dubi idanunsa, ta ƙi komawa sai da shi.

Hanyar mai wannan ciwo tana da zango da yawa. Daga Karofi sai babban asibitin Dutsin-Ma, daga nan sai Asibitin Koyarwa na Tarayya a Katsina, wani kuma a tura shi Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika kusa da Zariya. A kowane zango akwai kuɗin mota, da na gwajin jini, da na hoton ciki, da abincin mai jinya. Gidan da muka sauka sun sayar da shanun huɗa biyu. Tun wajen 2019 kuma matsalar 'yan bindiga ta addabi wannan yanki, har ta sa mutane suka riƙa lissafin lokacin da za su hau hanya da lokacin da za su sauka.

Aikin da aka yi masa ana kiransa da sunan Allen Whipple, wani likitan Amurka wanda ya bayyana shi a 1935. Ana cire kan fankiriyas, da farkon ƙaramin hanji, da jakar maɗaciya, wani lokaci har da gefen tumbi, sa'an nan a sake haɗa abin da ya rage. Yakan ci awa 6 ko fiye. Cikin mutum 100 masu wannan ciwo, 15 zuwa 20 kaɗai ake samu da wuri har a iya yi musu aikin. Ko a Amurka, inda kayan aiki ke da yawa, kamar 13 cikin 100 ne ke kai shekara 5. Duk da haka ana rayuwa. Ruth Bader Ginsburg, alƙaliya a Kotun Ƙoli ta Amurka, an yi mata aikin fankiriyas a 2009, ta ci gaba da shari'a har ta rasu a 2020 tana da shekara 87.

Mun same shi a zaure bisa buzu, yana gyaran igiya. Muka ce, "Sannu Baba, ya ƙarfin jiki?" Ya amsa da fara'a, ya sa aka kawo mana fura. Shi kansa kuwa rabin ludayi uku ya sha ya ajiye. A nan muka fara gane cewa jinyar gaske a madafa take, a hannun uwargida.

Da can, in ya dawo gona, yakan tashi da malmalar tuwon dawa biyu. Yanzu cikin ba ya ɗaukar haka. Sau biyar ko shida yake ci a yini, kaɗan kaɗan: kunu da sassafe, ɗan tuwo da miyar kuka da hantsi, dafaffen ƙwai ko wake, nono in an samu. Ƙosai da ƙuli-ƙuli da tsire mai man gyaɗa sun fi ba shi wahala. In maiƙo bai narke ba, sai ciki ya kumbura, bayan gida ya fito da maiƙo da wari, mutum yana ci amma yana ramewa. Maganin wannan wata ƙwaya ce mai ɗauke da irin ruwan nan na narkar da abinci, wadda aka fi sani da suna Creon. Tare da lomar farko ake haɗiyarta, a kowane cin abinci, yawanci har iyakar rai. Tana da tsada, ba kuma a kowane kantin magani ake samunta ba. 'Yarsa ce ke aiko da ita daga Katsina ta hannun wani direba. Daga jikin alade ake samo ta, ya kamata kuwa a faɗa wa mara lafiya wannan tun farko. Shi ya tambayi malaminsa, aka ce masa lalura ce, tun da babu madadinta.

Sai kuma sukari. Tun da an rage fankiriyas, insulin ya ragu, yanzu allura yake yi. Insulin ba ya son zafi, a nan kuwa zafin bazara yakan wuce digiri 40, wutar lantarki ma ba abin dogaro ba ce. Uwargida ta kai mu ɗakinta ta nuna mana dabararta: ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, an rufe da ɗanyen tsumma. Wannan ita ce dabarar da Mohammed Bah Abba, wani malami a Jigawa, ya yaɗa domin adana kayan miya, har aka ba shi kyautar Rolex a 2000. A wannan gida ba tumatir ne a ciki ba, kwalbar magani ce.

Akwai wata wahala da ba a rubuta mata magani. A ƙasar Hausa mutum yakan ci abinci da 'yan'uwansa a kwano ɗaya, wanda ya tsame hannu da wuri kuwa sai a tambaye shi dalili. A wurin suna ko ɗaurin aure, in ya ƙi nama, wasu sukan ce girman kai ne, wasu su ce sammu bai sake shi ba tukuna. Har an yi gulmar cewa matarsa ba ta ciyar da shi. Mu kam mun ga matar nan tana hura wuta sau biyar a rana, ba mu ga wanda ya ce mata sannu ba. Azumi ma likita ya hana shi, ciyarwa yake yi a maimakonsa, ya kuma ce wannan ya fi wuƙar likita yi masa zafi.

Noma bai bari ba, sai dai ya rage. 'Ya'yansa maza ke huɗa da shanun haya, shi kuwa yana bi da iri, in rana ta take ya koma inuwa. Bayan aikin ya sha wata shida yana karɓar maganin daji ta jijiya. Yanzu duk wata shida yakan koma a ɗebi jini a ɗauki hoto, gama ciwon yana iya dawowa, shi ma ya san da haka. Uwargida ta ce mako guda kafin tafiyar ba ya barcin kirki. Tafiya ta gaba ta faɗo bayan sussuka, an kuwa riga an ware buhun wake biyu domin kuɗin mota da na hoto.