Ranar da Dodo Ya Zama Ɗan Gari

A ƙauyukan da ke kewaye da Ɗambatta, inda gona ke manne da gona har daji ya kusa ƙarewa, tatsuniya ta daɗe da ware wa tsoro mazauninsa. Dodo yana can bayan gari, a bakin kogi ko cikin kogon kuka. Yarinyar da ta ƙi jin maganar iyaye ita ke faɗawa hannunsa, tsirarta kuwa ita ce komawa gida. Wato a wannan tsari, gari shi ne wurin aminci.

Wani yaro da ya taso yana jin haka a ɗakin kakarsa ya bi yayansa cin kasuwa. A wani shagon wasan bidiyo mai janareta ya biya kuɗi, aka kunna masa Resident Evil 5, wanda kamfanin Capcom na Japan ya fitar a 2009. Labarin yana faruwa ne a Kijuju, wani ƙirƙirarren yanki na Afirka ta Yamma. Yaron ya karɓi matsayin Chris Redfield, jami'i Ba'amurke, ya shiga gari mai ƙura da rumfunan kasuwa da rufin kwano. Waɗanda za a harbe kuwa mutanen garin ne, waɗanda wata muguwar halitta ta shige jikinsu. Sunansu Majini, kalmar Suwahili mai tushe ɗaya da "aljan" a Larabci. Suwahili harshen gabashin nahiyar ne, amma masu wasan suka ɗora shi a bakin mutanen yamma, tamkar dai Afirka unguwa guda ce.

Jerin wasan ya sha sauya muhalli. Na farko, a 1996, cikin wani katafaren gida ne a Amurka. Na huɗu, a 2005, ya koma wani ƙauyen Sifaniya, na 2021 kuma wani ƙauyen gabashin Turai. Tun fitar tallan na biyar a 2007 aka soki hoton Bature yana harbin taron baƙar fata, kuma samuwar abokiyar aikinsa 'yar Afirka, Sheva Alomar, ba ta kashe muhawarar ba, musamman da yake can gaba wasan ya kawo mutane masu māsu da abin rufe fuska. Sai dai ƙasa ce kawai ke sauyawa. Sau da yawa manomi da ɗan ƙauye su ne abin tsoro, baƙo mai bindiga shi ne mai ceto.

A nan ne batun ya shafi manazarta Hausa. An yi rubuce-rubuce masu yawa kan tasirin finafinan Indiya a Kano, amma mai kallon fim zaune yake kawai. Mai wasa kuwa da yatsunsa yake aikata abin, kuma ana ba shi lada a kan kowane harbi.

Yaron dai ya ji daɗin wasan ƙwarai, har ya ƙara kuɗi. Da almuru suka biyo hanya, suna wuce manoma da fartanya a kafaɗa, yana gaishe su ɗaya bayan ɗaya kamar yadda aka koya masa. Da dare ƙannensa suka nemi ya ba su labarin dodon da ya gani a Ɗambatta. Ya soma, sai ƙaramar ta tambaye shi a wane daji dodon yake. Ya daɗe bai ba ta amsa ba.