Ranar Da Dogo Ya Faɗi

Akwai wani abu da na daɗe ina ɓoyewa a zuciyata, yau kuwa na ga ya kamata in amayar da shi a wannan mujalla tamu, ko da malamaina za su ce ƙwallon kwando ba ta cikin manhajar sashen Hausa. A shekarata ta biyu a jami'a ina cikin 'yan wasan tsangayarmu, amma kusan kullum a benci nake ƙarewa. Ginshiƙin ƙungiyar wani ɗalibi ne da muke kira Dogo, wanda ke tsayawa ƙarƙashin kwando. A wasanmu na biyar ya yi tsalle, ya dira a karkace, gwiwarsa ta gurɗe. Ana ɗauke shi yana cije leɓe, mai horar da mu ya waiwayo ya yafito ni. Abin da nake jin kunyarsa shi ne, a wannan lokacin murna na yi. Na ce a raina, faɗuwar wani tashin wani.

Ashe ban san abin da ya faɗi ba. Mutum biyar ne a fili daga kowane ɓangare, saboda haka na ɗauka rashin ɗaya rashin kashi ɗaya cikin biyar ne kawai, ni kuwa ga ni na zo in cike. Amma ba gurbin Dogo aka ba ni ba, domin ban kai kafaɗarsa ba. Wanda ke gefensa aka matsar ƙarƙashin kwando, wurin da bai saba ba, ni aka sa ni a wurin wancan. Abokan karawarmu da can sukan haɗa mutum biyu a kan Dogo, wannan ke ba masu jifa daga nesa sarari. Da ya tafi, kowa ya sami mai tsaronsa manne da shi. Watau mutum ɗaya ya ji rauni, amma mutum huɗu aka canja wa sana'a a tsakiyar kaka. Wasa huɗu suka rage mana, muka sha kashi a uku, aka kuwa yi ta nuna ni da baki a ɗakin cin abinci.

Haushin wannan ne ya sa na shiga bin labarin ƙungiyoyin jami'o'in Amurka, inda wasan yake da daraja ƙwarai, kuma ake rufe kaka da gasar NCAA ta watan Maris, gasar sili ɗaya ƙwale. A can na ci karo da labarin mai horarwa Bill Self, wanda ya ɗanɗana abin ta fuska biyu.

A shekarar 2000 Jami'ar Sinsinati ce ake lissafawa ta ɗaya a ƙasar, albarkacin Kenyon Martin. Ran 9 ga Maris, minti uku da fara wasa da Saint Louis, ƙafarsa ta karye. Suka faɗi a wannan wasa, sa'an nan a zagaye na biyu na babbar gasa Jami'ar Tulsa ta fitar da su. Mai horar da Tulsa a lokacin Bill Self ne. Martin ya warke har aka ɗauke shi na farko a zaɓen NBA na shekarar, amma kakar Sinsinati ta tafi ke nan.

Bayan shekara 14 abin ya juyo kan Self, yana Jami'ar Kansas. Joel Embiid, haifaffen Yawunde ta Kamaru, ya sami tsagewar ƙashi a gadon baya gab da ƙarshen kakar 2014. Bai buga gasar Maris ba, Stanford ta kori Kansas da ci 60 da 57. Embiid bai ƙara sa rigar Kansas ba, domin a wannan shekarar ya wuce NBA. Nan ne ciwon ƙungiyar jami'a ya bambanta da na ƙwararru: ɗalibi baƙo ne, ba ya jiran baɗi, wani ma shekara ɗaya tak yake yi.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne ɗan ƙasarmu, Udoka Azubuike, haifaffen Legas. Kansas ta shiga kakar 2018 zuwa 2019 a matsayi na ɗaya, tana riƙe da kambin rukunin Big 12 shekara 14 a jere. A watan Janairun 2019 jijiyar hannunsa ta tsinke, aka yi masa aiki. An riga an hana Silvio De Sousa wasa, a Fabrairu kuma Lagerald Vick ya bar ƙungiyar. Dole Self ya jingina da sababbin ɗalibai, ya rushe tsarin da ya gina a kan dogon mutum. Kambin nan ya suɓuce, Auburn kuma ta fitar da su a zagaye na biyu. Da na karanta wannan sai na ji wani sanyi, domin idan mai horarwa irin wannan, da kuɗi da likitoci da zaɓaɓɓun 'yan benci, ya kasa toshe ɓarakar, ina ga ni? Azubuike ya dawo da lafiyarsa a kaka ta gaba, Kansas ta koma ta ɗaya, sai annobar korona ta sa aka soke gasar 2020 ɗungurungum.

To, amma wannan sanyi bai wanke ni daga murnar da na yi ba. Ƙungiya tana iya sake zubi; tamu ma ta sake, bana akwai sababbin fuskoki uku, ni kuwa sunana bai fito ba. Dogo shi ne bai sake zubi ba. Ba shi da NBA da ke jiransa, kuma da kuɗin mahaifinsa aka yi jinyar gwiwar. Makon jiya na hango shi yana hawa matakalar ɗakin karatu, yana dafa bango a kowane taki. Na gaishe shi, ya tambaye ni ko har yanzu ina zuwa fili da yamma. Na ce masa karatu ya yi yawa.