Darnin Zakka A Cikin Hunturu

Wannan makon za mu ɗan ajiye labarin da muke kawo maku, domin akwai maganar da ta daɗe tana ci mani tuwo a ƙwarya, kuma tunda sanyi ya shigo na ga lokacinta ya yi. Maganar darni ce da shinge. Na san wani zai ce marubuci ya rasa abin rubutawa sai karan dawa, to a yi mani haƙuri a bi ni sannu.

A Amurka akwai masu hoto da sana'arsu ita ce bin tsofaffin shingayen makiyaya a hamadar jihohin Nebada da Yuta, inda dusar ƙanƙara ke sauka da sanyi. Sai su ɗauki hoton shingen baƙi da fari, su wanke shi a takarda marar sheƙi, sannan su zauna da auduga da fenti mai mai suna shafa launi kaɗan-kaɗan, yadda hoton na ƙasa ba zai ɓuya ba. Su sa wa itacen ruwan ƙasa, su sa wa sama shuɗi, su bar ƙanƙarar da farinta. Mutane kuma su saya su rataya a falo. Wannan sana'a ta tsufa, don tun da hoto ya bayyana a Faransa a 1839 ake yi masa launi da hannu, kuma a shekarun 1860 birnin Yokohama na Japan ya yi suna a kanta. Fim mai launi irin Kodachrome da ya fito a 1935 shi ne ya fara rage mata kasuwa, amma har yau tana da masu yi.

Mu a Zakka ta ƙaramar hukumar Safana ba mu da ƙanƙara, amma muna da hazo. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iska kan kwaso ƙura tun daga ƙasar Chadi ta lulluɓe gari, rana ta fito fari fat kamar faifai. Wanda ya taɓa fitowa daga masallaci da asuba a irin wannan lokaci ya ga sabon darni a jere, ga hayaƙi yana tashi ta bayansa, ga yara sun kewaye wutar kara suna jin ɗumi, ya san ba sai ya je Nebada ba.

Darni aikin kaka ne. Idan an gama girbi aka kai hatsi rumbu, sai maigida ya tara kara, ya haƙa rami siriri, ya kafa dirkoki, a jera karan a tsaye, a yi masa tanka a ɗaure da igiyar rama. Mai hali ya sa zanar gamba ta ciki. A gona kuwa shingen ƙaya ake yi, ko a dasa aguwa ko bini-da-zugu, waɗanda dabba ba ta ci. Damina ɗaya ko biyu gara da ruwa sun gama da darni, sai a sake wani. Saboda haka da ka shigo gari, darni kaɗai ya isa ya gaya maka gidan da ya yi noma bana, da gidan da maigida ya tafi cirani bai dawo ba.

Akwai wani tsohon hoto a wurin gwaggota, na kakanmu, wanda wani mai hoto ya ɗauka da sallah. Baƙi da fari ne, amma mai hoton ya bi da hannu ya mayar da hular ja, ya sa wa darnin da ke bayansa ruwan ɗorawa. Na taɓa tambayarta, na ce, "Gwaggo, wai da gaske wannan karan ne kawai tsakaninku da daji?" Sai ta ce, "Ɗan nan, ai ba don ɓarawo ake yin shi ba. Don akuya ne da idon mai wucewa." Wato sutura ce. Yaro ma zai iya ture shi da ƙafa, amma babba bai isa ya leƙa ba, domin kunya da sallama su ne ƙofar.

Yau ga inda muke. Dajin Rugu da muka sani da itace da kiwo ya zama wurin da ake ambata da ƙasa-ƙasan murya. A Fabrairun 2020 an kashe mutum 30 a Tsauwa da Dankar cikin Batsari. A Disambar shekarar aka kwashe ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara. A Satumban 2021 har layukan waya aka rufe a yankinmu. Darni kuwa abin da ya fi saurin kama wuta ke nan, don haka mai kuɗi ya koma bulo, mai ƙaramin ƙarfi ya kewaye da langa-langa, wani kuma ya kwashe iyali ya koma Dutsin-ma ko Katsina.

Su ma Amurkawan shingen nasu ba ado kawai ba ne. Bayan Joseph Glidden ya yi rajistar waya mai ƙaya a 1874, masu ƙarfi suka kewaye makiyaya da mashaya, har a 1883 rikici ya ɓarke a Texas, mutane na fita da dare suna yanke waya. Dokar da aka yi a 1884 ta hukunta mai yanke shinge, ta kuma hukunta mai kewaye filin jama'a. Wannan ya tuna mani da burtali, hanyar shanu da ake bari tsakanin gonaki, aguwa dama da hagu. Muna yara mun ga garke na bi ba tare da ya taɓa zangarniya ko ɗaya ba. Da gonaki suka ci burtali, shanu suka faɗa gonaki, sai bango ya tsage. Ba shi kaɗai ne sanadin bala'in ba, amma dattawa na lissafa shi.

Littattafanmu na Hausa cike suke da katafaren gida mai get da maigadi, domin shi kasuwa ke so. Amma jikokinmu za su tambayi yadda gidan kakanninsu yake, kuma gani ya kori ji. Don haka ina roƙon matasanmu na Zakka da Batsari da Safana masu waya a hannu, kafin hunturun bana ya wuce ku nemi izinin maigida ku ɗauki darni da zana da abin da ya rage na burtali. Ban da cikin gida, ban da faɗin sunan unguwa a Facebook, saboda halin da ake ciki. Masu zanen bangon littafi su gwada yi wa hotunan launi da hannu. Mu kuma masu alƙalami mu rubuta sunayen abubuwan, dirka da tanka da zana, tun masu bayaninsu suna raye.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya mayar da kowa gidansa lafiya, amin. Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu ci gaba da labarinmu daga inda muka tsaya.