Tabkin Madarunfa: Tekunmu na Gida

Masu hali na Turai sukan kashe maƙudan kuɗi su tafi tsibiran Maldib, su goya tulun iska a baya, su nutsa cikin teku domin ganin manta, wani kifi mai fukafukai wanda babbansa kan kai mita 7 a faɗi. Mu da ba mu da teku, Allah ya ba mu Tabkin Madarunfa, kudu da Maraɗi, hanyar da ba ta kai awa guda a mota ba.

Na isa bakinsa da sanyin safiya. A nan ba a nutso don nishaɗi. Ruwan ja ne, mai nutso da hannu yake gani. Masunta na jan taru, karfasa da tarwaɗa na birgima cikin kwale-kwale, mata masu suya na jira a gaɓa. Dattawa suka nuna mini inda kaburburan waliyyai 99 da ake faɗa suke, waɗanda jama'a ke ziyarta.

Amma tabkin na cikin hatsari. Kowace damina ruwa na kwaso yashi daga gonakin da aka sare itatuwansu, ya zuba a ciki, zurfi na raguwa. A shekarar 2019 an sa shi cikin jerin dausayoyin Ramsar, sai dai takarda ba ta tsayar da yashi.

Ƴan kasuwa da ma'aikata, ku je ku gani da idonku, sa'an nan ku tambayi mahukunta: wa zai dasa itatuwan? Tun ran gini, ran zane.