Awa Biyu da Rabi

Na daɗe ina faɗa wa iyalina cewa ai gida kusa ne. Daga Accra zuwa Legas awa ɗaya ce a jirgi, Legas zuwa Kano awa ɗaya da rabi. Kakanninmu fatake kuwa watanni suke yi da jakuna kafin su isa Gwanja sayen goro. Da wannan lissafi na shekara huɗu ban je na gaida Inna ba. Kullum sai bayan sallah, sai kaya sun ƙare.

Wata Talata da asuba ƙanena ya bugo waya: "Yaya, sai haƙuri, Inna ta cika." Ko shagona na Nima ban buɗe ba, na ruga filin jirgi. Sai da rana na samu kujera zuwa Legas. Da na sauka, jirgin Kano ya riga ya tashi. Ina zaune a benci, jakata a cinya, aka ce mini an kai ta makwancinta.

Yanzu Baba ne ya rage. Duk wata shida ina gabansa, ko kasuwa ta yi ko ba ta yi ba. 'Yan'uwana matafiya, awa biyu da rabin nan ta zuwa gaida mai rai ce. Gawa ba ta jiran jirgi.