Jikokin da ba su cikin lissafi

Ranar da aka zauna rabon gadon mahaifinmu, kwana uku bayan sadakar arba'in, ni na riƙe biro, don ni ne mai aikin lissafi a gidan. Malamin da muka gayyato ya bi tsari kamar yadda yake a fikihun Malikiyya: a fitar da kuɗin jana'iza, a biya bashi, a zartar da wasiyya idan akwai, sannan a raba abin da ya rage. Da ya tambayi wasiyya, zauren ya yi tsit. Babu.

Gida da shago da abin da ke banki, bayan biyan bashi, sun kama naira miliyan 40. Iyayenmu mata biyu suka raba tumuni, miliyan 5, a tsakaninsu. Sauran miliyan 35 aka kasa gida goma, domin mu maza uku ne, mata huɗu: kowane namiji miliyan 7, kowace mace miliyan 3.5. Lissafin ya fita fes, ko kwabo bai yi saura ba. Sai da na ɗaga kai na ga yara uku a bakin ƙofa, 'ya'yan yayanmu wanda ya riga Baba rasuwa da shekara biyu. A gidan aka haife su, a tukunyar gidan suke ci, amma babu sunansu a takardar da ke hannuna.

Malamin bai yi kuskure ba. Jika ba ya gadon kakansa muddin akwai ɗa namiji a raye; baffa yana shamakance shi. Yaya kuwa bai gaji komai ba balle ya bar wa 'ya'yansa, tunda gado sai wanda ke da rai lokacin da mai dukiya ya cika. Na daɗe ina jin zafin wannan hukunci kafin na gane cewa shari'a ta bar ƙofa a buɗe, mu ne ba mu shiga ba. Mutum yana da ikon yin wasiyya da abin da bai wuce sulusin dukiyarsa ba ga wanda ba magajinsa ba ne, kamar yadda ya zo a hadisin Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas. Waɗannan marayu, tunda ba magada ba ne, su suka fi dacewa da sulusin. A Masar ma, tun 1946 doka ta mayar da irin wannan wasiyya wajibi ga jikoki marayu. A wurinmu sai kakan ya furta a gaban shaidu, ko ya yi musu kyauta su karɓa tun yana da lafiya.

Baba ya so ya yi. Sau biyu na ce masa, "Baba, maganar yaran Yaya fa?" Sau biyu ya ce, "Ina sane, za a zauna." Ban matsa ba, kuma a nan laifina yake. Kunya ta hana ni, kada a ce ɗa yana ƙirga wa ubansa kwanaki. Mu da muke cike takardun magaji a wurin aiki ba tare da gabanmu ya faɗi ba, sai mu kasa ambaton wasiyya a tabarmar mahaifinmu.

Malamin ya tuna mana aya ta 8 ta Suratun Nisa'i, wadda ta yi umarni a ba dangi da marayu wani abu idan sun halarci rabo. Na roƙi kowa ya sadaukar da wani kaso daga rabonsa. Ƙannena mata, masu ƙaramin rabo, su suka fara amsawa. Ɗaya daga cikin maza ya ce yana da nasa iyalin, kuma babu alƙalin da zai tilasta masa. Abin da muka tara ya isa kuɗin makaranta na 'yan shekaru, bai isa muhalli ba. Da aka sayar da gidan, mahaifiyar yaran ta koma da su gidan iyayenta.

Tawa wasiyyar na rubuta ta a watan da ya biyo baya, shaidu biyu suka sa hannu. Ni da ɗan'uwan nan kuwa, har yau gaisuwarmu ba ta wuce ta ranar Sallah.